Fitilun Kabewa da Jajiberen Idin Dukan Tsarkaka



A ƙarshen wani watan Oktoba, sa'ad da muke baƙunci a ƙasar Amurka, waɗansu 'yan'uwa Katolika suka kai mu wani ƙaramin gari mai suna Croton-on-Hudson, arewa da birnin New York. Lokacin kaka ne a wurinsu. Ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya yana zuba, sanyin dare kuwa kamar na tsakiyar hunturu. A harabar wani tsohon gida da ake kira Van Cortlandt Manor, tun shekara ta 2005 ake nunin fitilun kabewa kowace shekara, yawansu kuma ya haura 7,000. Akan yanke kan kabewar, a kwashe 'ya'yanta da tsokarta, a sassaƙa mata idanu da baki ko wani zane, sa'an nan a sa haske a ciki. Muka bi siririyar hanya cikin duhu, ga gada an gina ta da kabewa, ga manyan dabbobi, ga wata rumfa mai kama da sararin sama cike da taurari. Yara suna ta sowa, manya suna ɗaukar hoto. Mu kuwa, ba za mu ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mana a rai shi ne yawan tukwanen miyan taushe da aka rasa a wannan fili. Daga baya muka gane ba duka ce ta gona ba. Akwai ta roba a ciki, ta gonar kuma in ta ruɓe akan sauya ta da sabuwa.

Muna kawo wannan labari domin 'ya'yanmu suna ganin hotunan irin waɗannan fitilu a waya, sukan tambaya, iyaye da yawa kuma sukan amsa da cewa bikin Shaiɗan ne, ba mai ƙara magana. Amsar nan ba ta isa ba. Kalmar Halowin, a tsohon Turanci, ma'anarta jajiberen Dukan Tsarkaka, wato daren 31 ga Oktoba. Paparoma Gregori na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe ɗakin sujada a cikin Majami'ar Bitrus Mai Tsarki a Roma domin girmama dukan tsarkaka, a ƙarni na tara kuma idin 1 ga Nuwamba ya bazu cikin Ikkilisiyar Yamma. Bayan haka Odilo Mai Tsarki, shugaban gidan sufaye na Cluny a Faransa, ya umarci sufayensa su riƙa yi wa dukan matattu masu bi addu'a ran 2 ga Nuwamba. Ashe daren namu ne. 'Yan kasuwa sun cika shi da dodanni da kwarangwal, mu kuma muka yi sakaci har 'ya'yanmu ba su san idin da ke biye da shi ba.

Ita fitilar kuwa mutanen Ayalan ne suka kai ta Amurka, musamman waɗanda suka gudu daga babbar yunwar da ta soma a 1845. A gida sukan rarake wata saiwa mai tauri. Da suka ƙetare teku suka tarar kabewa ta fi girma, ta fi sauƙin sassaƙa. Akwai tatsuniya a bayanta, ta wani marowaci mai suna Jack wanda ya yaudari Iblis har ya yi masa alkawari ba zai karɓi ransa ba. Da ya mutu, sama ta ƙi shi saboda muguntarsa, Iblis ma ya kore shi, ya jefa masa garwashi guda. Sai ya sa garwashin a cikin saiwar, yana yawo a duhu ba masauki.

Tatsuniya ce, ba koyarwar Ikkilisiya ba ce. Amma tsoron da ke cikinta ba baƙo ba ne a gidajenmu. Mun san gwauruwar da ba ta iya barci domin an ce mata kurwar mijinta tana yawo. Mun san iyalin da suka sayar da akuya suka kai wa boka don ya kwantar da mamaci, alhali ko Misa ɗaya ba su roƙa masa ba. Bangaskiyarmu ta koya mana cewa kowane rai yana tsayawa gaban Allah da zarar ya rabu da jiki. Ba wanda ya mutu cikin alherin Allah da aka bari yana gantali da garwashi a hannu. In da sauran aibi a jikinsa, ana tsarkake shi, addu'armu kuma tana taimakonsa. Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, ya nuna yadda Yahuza ya tara kuɗi ya aika Urushalima a miƙa hadaya saboda sojojinsa da suka mutu, domin ya gaskata da tashin matattu. Hasken da muke riƙe wa namu shi ne na kyandir ɗin Ista, wanda aka kunna ranar baftismarsu, aka kuma tsayar kusa da akwatinsu ranar jana'iza.

Saboda haka, kowane gida ya zauna kafin ƙarshen Oktoba, a rubuta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, har da jariran da ba a cika ambatonsu ba, har da waɗanda muka rabu da su ba a shirya ba. A bar yara su riƙe alƙalami, a gaya musu ko su wane ne. A miƙa takardar ga katikis. Ran 1 ga Nuwamba mu hallara domin Misar Dukan Tsarkaka, kashegari kuma bayan Misa za mu tafi makabarta tare. Masu fartanya su zo da ita, gama ciyawar damina ta rufe kaburbura da yawa.