Wa Ke Kiwon Lauyan Gwamnati?

Wata rana da hantsi, a tashar mota ta Tambuwal, na tarad da wani dattijo zaune a kan benci, ya rungume wata tsohuwar jakar fata kamar mai rungume da jariri. Muka gaisa, na ce, "Baba, ina aka nufa da wannan sanyi?"

Ya ce, "Sakkwato, Malam. Daga ƙasar Kebbe na fito tun da asuba. Shari'a gare ni."

Da hira ta yi nisa sai ya buɗe mini jakar. Ba kome a ciki sai takardu: takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girma, da ta sallama. Masinja ne a wata hukuma, ya yi shekara 35 yana kai saƙo, rana da ruwa. Da ya aje aiki aka yi ta ce masa gobe, jibi, har ya gaji ya kai ƙara. Wannan tafiya ita ce ta biyar. Kowane zuwa sai ya sayar da akuya ko ɗaurin gero ya yi kuɗin mota, kowane zuwa kuwa sai lauyan hukumar ya miƙe ya roƙi alƙali a ɗage, wai bai gama duba fayil ba.

Na ce, "To, Baba, shi lauyan yana musun ka yi aikin?"

Ya yi murmushi, ya ce, "Ko kusa. A bakin kotu har gaishe ni ya ke yi da ladabi. Ya ce mini shi ma bawan umurni ne, yana da na gaba da shi."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta tsaya mini a rai. Ni akawu ne, aikina ke nan riƙon fayil, na kuwa san cewa ba takardar da ke motsi a ofis sai da yardar wani, ba wadda ke kwana kuma sai da sanin wani. Saboda haka tambayar da na ke so mu duba tare ita ce: mene ne ya wajaba a kan shugaban da ke lura da lauyoyin Gwamnati, sa'ad da abokin shari'arsu tsohon ma'aikaci ne mai neman fanshonsa?

Bari mu fara da sanin ko su wane ne. A kowace jiha akwai Ma'aikatar Shari'a. Shugabanta shi a ke kira Antoni Janar, watau babban lauyan Gwamnati, kuma Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce ba a ba mutum wannan muƙami sai ya shekara 10 da zama lauya. Ƙarƙashinsa akwai babban sakatare da daraktoci, ƙarƙashinsu kuma akwai ƙananan lauyoyi waɗanda su ke tsayawa gaban alƙali. Manyan hukumomi ma suna da nasu ofisoshin lauyoyi a kan irin wannan tsari. Ƙaramin lauya shi a ke gani a kotu, amma wanda ya ba shi fayil, ya ce masa ka musa ko ka amsa, ka ɗaukaka ƙara ko ka bari, yana can ofis, ɗan fansho bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai kuma mu san mene ne fansho. Waɗansu suna ɗaukarsa kamar sadaka ce Gwamnati ke yi wa tsofaffi. Ba haka ba ne. Fansho ladan aiki ne wanda aka jinkirta. Sa'ad da mutum ya karɓi aiki, an yi alkawari da shi cewa wani abu za a ba shi kowane ƙarshen wata, wani abu kuwa sai ƙarfinsa ya ƙare. Sashe na 210 na Tsarin Mulki ya ce kada a riƙe wa ma'aikacin jiha fansho ko garatuti, kada kuma a sāke shi ta hanyar da za ta cuce shi, sai fa inda doka ta yarda. Ya ce kuma a riƙa sake duban fansho kowace shekara 5, ko duk sa'ad da aka gyara albashi, wanda duk ya riga zuwa. Ma'aikatan ƙananan hukumomi, irin na Tambuwal da Kebbe, suna cikin wannan. Sashe na 173 ya faɗi irin haka game da ma'aikatan Tarayya. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010 kuwa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita aka ba ikon jin ƙararrakin albashi da fansho. Ashe ke nan ɗan fansho mai bin bashi ne, ba maroƙi ba.

To, yanzu sai mu yi wa lauyan Gwamnati adalci, mu ji tasa hujja, domin tana da ƙarfi. Zai ce, "Ni wakili ne. Wakili ba ya bayar da dukiyar wanda ya wakilta shi don tausayi. Kuɗin baitulmali na jama'a ne duka, har da manomin Dogon Daji da bai taɓa cin albashi ba. Idan na amsa kowace ƙara, gobe sai maƙaryata su cika kotu. Aikina in kawo hujja, aikin alƙali ya yanke hukunci."

Lalle akwai gaskiya a nan. Asusun fansho ya sha ɓarna a ƙasar nan, kuma an sha samun sunayen matattu da na waɗanda ba a taɓa haifa ba a cikin jerin masu karɓa. A 2013 wata kotu a Abuja ta sami John Yakubu Yusuf da laifi a kan kuɗin fanshon 'yan sanda, ta yanke masa ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 750,000. Ya biya nan take ya tafi gida. Lauyoyin da ke tsaya wa hukumar EFCC ba su haƙura ba, suka ɗaukaka ƙara, har a 2018 aka mai da hukuncin ɗaurin shekara 6, aka kuma ce ya biya naira biliyan 22.9. A 2021 kuma aka yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora a kan gyaran sha'anin fanshon Tarayya, ɗaurin shekara 8. Da lauyoyin nan sun yi sanyin jiki, da an ci gaba da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan naci abin yabo ne, kuma shugaban da ya ce wa yaransa kada su saki, ya sauke nauyinsa.

Amma fa ka lura, mai karatu. Wuƙar da a ke yanka da ita, ita ce kuma ke yanke hannun mai ita idan ya kama ta ta baki. Nacin da ya dace da ɓarawon fansho, idan aka juya shi a kan mai fansho, ya zama zalunci. Aikin shugaba shi ne ya bambanta tsakanin biyun nan, gama ƙaramin lauya ba shi da ikon zaɓe.

Maganar cewa alƙali shi zai yanke, tana da kyau idan masu shari'a biyu ƙarfinsu ɗaya. A nan kuwa ba ɗaya ba ne. Gwamnati ba ta tsufa, ba ta ciwon ƙafa, ba ta sayar da akuya don ta je kotu. Lauyanta albashinsa na tafiya ko an zauna ko an ɗage. Idan wannan ya bar aiki wani zai gaji fayil. Shi kuwa dattijon nan ransa ɗaya ne, kwanakinsa ƙidayayyu. Kowace ɗagewa ta wata uku, wani yanki ne aka yanke daga abin da ya rage masa. Idan aka yi ta ja har ya rasu, to, an yanke hukunci ke nan ba tare da alƙali ya buɗe baki ba, wanda ya yanke kuwa shi ne wanda ya ba da umurnin a ja.

Har wa yau, doka ta ba Gwamnati waɗansu garkuwoyi da talaka ba shi da su. Akwai wata doka tun ta zamanin Turawa, ta 1916, wadda ta ce wanda zai kai ma'aikacin hukuma ƙara a kan aikinsa sai ya kai cikin wata 3. Alƙalai da dama sun yanke cewa ba ta shafi ladan aikin da aka riga aka yi ba, duk da haka a kan tayar da ita, a ɓata watanni ana gardama kafin a taɓa ainihin magana. Akwai kuma wata doka wadda sashenta na 84 ya ce, ko mutum ya ci shari'a, ba za a kama kuɗin da ke hannun ma'aikacin Gwamnati a biya shi ba sai da iznin Antoni Janar. Ka ji fa! Wanda aka kayar a kotu, shi ne kuma za a roƙa ya yarda a biya. An yi waɗannan dokoki don kada aikin jama'a ya tsaya, ba don a hana mai hakki hakkinsa ba. Da ya ke doka ta sa mabuɗi a hannun mutum ɗaya, ba abin da ya rage ya tsare talaka sai halin mutumin nan.

A nan ne na ke ganin kuskuren ya ke samo asali. Idan shugaba yana auna yaransa da yawan shari'un da suka ci, yana yabon wanda ya hana a biya, yana harare wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan yana da gaskiya," to, ya koya musu darasi ko bai faɗa da baki ba. Yaro ya kan duba fuskar maigida kafin ya duba littafi. Nan da nan kowa zai gane cewa hanyar ƙarin girma ita ce musu, sai ofis ya cika da gwanayen ɗage shari'a.

Alhali kuwa Gwamnati ba ɗan kasuwa ba ce da za a ce ribarta ita ce abin da ta hana. Don me aka kafa ta, in ba don hakki ya isa ga mai shi ba? Idan ta ci shari'ar da ba ta da gaskiya a ciki, baitulmali ya tsira da 'yan kuɗi, amma ta yi hasarar abin da ya fi kuɗi. Matashin malamin makaranta a Jabo ko Kuchi yana kallon yadda aka yi da wanda ya gada. In ya ga tsufa cikin aikin Gwamnati wulakanci ne, mene ne zai hana shi tara guzurinsa tun yanzu ta hanyar da ba ta dace ba? Hana fansho makarantar cin hanci ce.

Magabata sun san wannan. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho, wanda ba Musulmi ba, yana bara a ƙofofin mutane. Ya ga ba a yi masa adalci ba, a ce an karɓi harajinsa yana da ƙarfi, a yashe shi da ya tsufa, sai ya sa aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali. Wannan tsoho ko ƙara bai kai ba, shugaba ne ya nemo shi. A zamaninmu kuma, a wata ƙasa mai nisa da a ke kira Ostireliya, Antoni Janar ya fitar da ƙa'idodi tun 1999 waɗanda suka ɗaure lauyoyin Gwamnati: su biya hakkin da ya tabbata ba sai an je kotu ba, kada su jawo jinkiri na banza, kada su ci zarafin mai ƙara don ba shi da kuɗin shari'a. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne, kuma daga sama ya ke farawa.

Saboda haka, ga abin da na ke gani ya wajaba a kan shugaban lauyoyi. Na fari, kafin ya tambayi yaronsa, "Za mu iya ci?" ya fara tambaya, "Shin ana binmu?" Idan takardu sun nuna ana bi, ya rubuta wa hukumar da abin ya shafa ta biya, ko da ba za ta so jin haka ba. Idan baitulmali ba ya iya biya gaba ɗaya, a amsa bashi a fili, a yanka lokaci, gama bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin kunya shi ne musunsa. Na biyu, kada a nemi ɗagewa ko a ɗaukaka ƙara a kan ɗan fansho sai da sa hannunsa, da dalili a rubuce, yadda alhakin zai san ƙofar da zai kwana. Na uku, ya riƙe littafi na dukan shari'un fansho, da shekarun mai ƙara, da ranar da aka shigar, ya duba shi kowane wata. Na huɗu, ya tsaya wa ƙaramin lauyan da ya faɗi gaskiya, ya sa wannan cikin abin da a ke ƙara wa mutum girma dominsa. Inda kuwa ya ga ƙarya ko zamba, to, ya saki yaransa su yi yaƙi da iyakar saninsu.

Mu kuma da Allah ya sa muka koyi karatu da girmanmu, muna da namu rabo. Mu taimaki tsofaffinmu su adana takardunsu, mu karanta musu abin da aka rubuta, mu raka su in za su ofis. Wanda ya san sashe na 210 ba ya durƙusa yana roƙo, ya kan gaisa da ladabi ya nemi abinsa.

Motar Sakkwato ta cika, dattijon ya ɗaure jakarsa ya miƙe. Na ce, "Allah ya sa a dace, Baba." Ya ce, "Amin, Malam. In ka ga na gaba da shi ɗin nan, ka tuna masa shi ma ma'aikaci ne."

Ban sake ganinsa ba. Amma saƙonsa na masinja ne, ya wajaba a kai, ga shi kuwa na kai. Shugaban da ke sa hannu yau, wata rana zai rungumi tasa jaka, ya tsaya gaban yaran da ya hora, su kuwa abin da ya koya musu da shi za su yi masa aiki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.