Ɗumi kafin nono

Cikin karya kwana 63 ne, ko da ɗan ƙari ko ragi. Kwikwiyon da ya faɗo kafin kwana 58 bakwaini ne, kuma ba ya ɓuya: ƙafafu da baki ba gashi, fata jawur, ko an kai bakinsa kan nono ba ya iya kamawa. Duk mai kiwon karnuka, na farauta ko na gadi, in ya daɗe a harkar zai ci karo da irinsa.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a lokacin shi ne madara. An ga ɗan abu yana kuka, sai a ce yunwa ce, a ɗauko sirinji a ɗura masa. Sau da yawa wannan ɗurar ce ajalinsa. Zafin jikin sabon kwikwiyo digiri 35 zuwa 37 ne, ƙasa da na uwarsa mai 38 zuwa 39, kuma a kwanakin farko ko karkarwa ba ya iya yi, balle ya ɗumama kansa. Da zarar zafin ya sauka ƙasa da kamar 34, hanjinsa ya daina motsi. Madarar sai ta kwanta a ciki ta lalace, ko ta dawo ta sarƙe shi ta shige huhu. A daren hunturu a gari irin Jos, a kan siminti, sa'o'i kaɗan sun isa a kai ga haka.

Don haka ɗumi ake fara nema masa, shi ma a hankali, tunda sauri ya haifi nawa. Kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma, ko a sa shi cikin riga ya jingina da fatar mutum, awa ɗaya ko fiye. Ba a kai shi bakin murhu. Sai ya fara mutsu-mutsu, bakinsa ya yi ɗumi in ka sa yatsa, sannan a yi zancen abinci. Ni a ganina yunwa muke fara gani domin maganinta ne muke da shi a hannu. Haka muke yi wa mutumin da ya shiga wani hali: mu cika shi da shawara alhali bai kai inda za ta shige shi ba.

Ita ma uwar ana yi mata mummunar fahimta. In ta ture shi gefe sai a ce ta ƙi ɗanta, alhali sanyin jikinsa ne ya sa ta. A ɗumama shi a mayar, sau tari ta karɓa. Karɓar kuwa na da muhimmanci, domin dakashi ne ke ba shi garkuwar jiki, kuma hanjinsa a yinin farko kaɗai yake iya tsotse wannan garkuwa. In ba ya iya tsotso, a tatso a ɗiɗɗiga masa kusan duk awa biyu, dare da rana. Nonon saniya bai kai na karya kitse da gina jiki ba, ga shi yana sa zawo. Bayan kowace ciyarwa a shafa masa mara da auduga mai ɗumi, domin ba ya fitsari ko kashi sai an lashe shi.

Wani bakwainin kuwa mutum ne ke jawo shi. Karnuka masu faffaɗan kai irin bulldog, galibinsu sai an yi wa uwar tiyata ake ciro su, kuma mai kiwo kan ƙirga kwanaki ne daga ranar barbara. Amma maniyyin kare yana iya yin kusan mako a raye a jikin karya kafin ciki ya shiga, ƙirgen sai ya yi gaba da kwanaki. Shi ya sa likitocin dabbobi ke auna jinin uwa kafin su sa wuƙa. Huhun kwikwiyo a kwanakin ƙarshe yake nuna, wanda kuma aka ciro kafin nan, ɗumi da dakashi ba kasafai suke tsayar da shi ba.