Tafiya Sannu Sannu Bayan Aikin Cinya

A ƙasar Tambuwal da Kebbe ƙafa ita ce jarin talaka. Da ita mu ke zuwa gona da kasuwa, da ita ɗan kabu-kabu ke tokare babur. Kadan ta sami rauni, gida duka ya kan ji.

A bayan cinya akwai tsoka 3 da ke lanƙwasa gwiwa, jijiyarsu kuwa tana manne da ƙashin da mutum ke zama a kai. Santsi ko kokawa na iya tsinke ta daga ƙashin. Wannan ba karaya ba ce, ɗauri ba ya mayar da ita, sai likita ya ɗinke ta a wurinta. Gwamma a yi aikin da wuri, gama in an jima tsokar ta kan janye. Irin wannan aiki sai babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wajen mil 60 daga Tambuwal, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Ɗinki aikin yini ɗaya ne, amma warkewa ta watanni ce. Mai jiyya ya kan yi wajen mako 6 yana dogara da sanduna. Kada ya sunkuya da ƙafa a miƙe, gama hakan yana jan ɗinkin. Jijiya ba ta kama ƙashi sosai sai wajen wata 3, aiki mai nauyi kuwa sai wata 6 ko fiye. In ƙwauri ya kumbura da zafi, a koma asibiti nan da nan, don jini na iya daskarewa a ciki.

Jaraba biyu ke jiransa. Ta fari ita ce gaggawa: damina ta faɗi, ya ɗauki fartanya tun lokaci bai yi ba, ɗinki ya ɓalle. Ta biyu ita ce ragwanci: ya kwanta don tsoron zafi, ya ƙi motsa jikin da ma'aikatan gashi suka koya masa, cinya ta rame, ɗingishi ya zauna.

Ku tuna da Yakubu cikin Littafin Farawa, sura 32 da 33. Aka taɓa cinyarsa a Feniyel, gari ya waye yana ɗingishi, duk da haka ya tashi ya tarbi Isuwa. Sa'anda Isuwa ya ce su tafi tare, Yakubu ya roƙa a bar shi ya bi a hankali, gwargwadon ƙarfin yara da garke. Bai zauna ba, bai kuwa yi gudu ba.

Amma mai iyali ba ya iya haƙuri in rumbu ba hatsi. Nan ne aikinmu ya ke. Ba daidai ba ne mu ce masa "Allah ya sawwaƙe" ran Lahadi, mu bar gonarsa cikin ciyawa. Mu yi masa gayya. Mu haɗa kuɗin mota domin ranar ganin likita. Samari su riƙa zuwa da yamma su taka tare da shi, yau zuwa ƙofar gida, wani mako zuwa bakin rijiya, har ranar da za ya iso sujada da ƙafarsa.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu haƙuri, mu kuma ya ba mu hannun taimako. Amin.