Gadon Masaƙi a Wuyan Wa Yake?

Akwai wani kuka da ake yawan yi a wannan yanki namu, daga Kulungugu zuwa Bawku, har Yendi da Salaga: wai saƙa tana mutuwa, kuma 'ya'yan masaƙa ne suka kashe ta da suka ƙi zama inda iyayensu suka zauna. Duk ranar da muka buɗe layin waya a rediyo kan sana'o'in hannu sai na ji shi. Masu kira su yi ta Allah wadai da yaran zamani, wannan ya ce gado ba a yar da shi, wancan ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tambayar da ban taɓa jin wani ya yi ba ita ce: mu da muke son saƙar ta ɗore, me muka zuba a ciki? Muna da ikon ɗora wa ɗan wani nauyin riƙe mana abin da muke taƙama da shi, alhali shi kaɗai zai kwana da yunwar?

Kafin a amsa, ya kamata a san aikin da ke cikin rigar fugu guda ɗaya, wadda mutanen kudu ke kira batakari. Masaƙi yakan fara da wadari. Zai kafa turaku a fili, ya yi ta kai da komo da zare har ya tara tsawon da yake so, yana ƙirga silin kowane launi da ka, domin tun a nan ake yanke yadda zanen rigar zai fito. In ya ɓata lissafi da sili biyu, sai an gama saƙa idon gwani ya gano. Daga nan ya zura zaren sili-sili cikin allira, ya ɗaure ɗaya bakin can nesa a jikin kunkuru, a aza masa dutse don zaren ya miƙe, sannan ya zauna yana takawa da ƙafa yana wurga ƙoshiya daga wannan hannu zuwa wancan. Bayan duk wannan, abin da ke fitowa ƙyalle ne siriri wanda faɗinsa bai fi inci huɗu ba. Sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, maɗinki ya haɗa baki da baki, ya yi ta ƙara tsaga daga ƙugu zuwa ƙasa don rigar ta yi baza. Wanda ya taɓa ganin rawar Damba a Yendi ya san amfanin wannan bazar, lokacin da mai rawa ya juya rigar ta buɗe kamar laima. In kuwa ta Daboya ce, to akwai kwanakin da zaren ya yi yana shiga ramin baba yana fita kafin ya kai hannun masaƙi.

Taƙamar da muke yi da rigar nan tana da tushe. A daren da aka shelanta 'yancin Gana, 6 ga Maris 1957, Kwame Nkrumah da abokansa irin su Kojo Botsio da Komla Gbedemah fugu suka sa suka hau dandamali a Akra. Mutanen kudu ne, amma rigar arewa suka zaɓa. Tun daga ranar ba ɗan siyasar da zai tsallako arewa neman ƙuri'a ba tare da ita a jikinsa ba.

Sai dai a da can ba don taƙama ake saƙa ba. Sana'a ce ta neman kuɗi, kamar fatauci da ƙira. Lokacin da Salaga take cin kasuwarta, ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina, su yi watanni a hanya, su kawo riguna da turkuɗi da kanwa da kayan fata, su ɗauki goron Gwanja su koma. Baturen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can suke kaiwa har Tambutu. Masaƙin wancan zamani bai buƙaci a yi masa wa'azin gado ba. Ɗansa da kansa yake matsowa ya koya, don ya ga da ƙoshiyar nan aka yi masa kaciya, da ita aka aurar da yayyensa. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara sauyawa, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwar, wasu suka gangara Kete Krachi. Ba wanda ya zarge su da yar da gado. Kasuwa ta tashi, suka bi ta. Na lura kalmar gado ba ta cika fitowa a bakin mutane ba sai ranar da sana'a ta daina ciyar da mai ita.

Akwai kuma wata gawa da aka binne ba a yi mata zaman makoki ba. Kafin zare ya kai ga masaƙi, da can mata ne ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su zauna da mazari da ɗan alli a yatsa suna kaɗi. Da kuɗin kaɗin nan tsohuwa take sayen goronta da cefanenta ba ta roƙi kowa ba. Yau yawancin fugun da ke rataye a kasuwar Bawku da Tamale da Bolgatanga da zaren masana'anta aka saƙa su. Wa ya juya wa masu kaɗi baya? Masaƙa ne. Sun ga zaren kanti ya fi araha, bai cika tsinkewa ba, ga launi iri-iri ba sai an je marina ba, suka karɓa. Ban ga laifinsu ba, lissafin cikinsu suka yi. Amma lissafin da masaƙi ya yi a kan tsohuwa mai mazari, shi ne dai mai saye yake yi a kan masaƙi yau. Saboda haka duk mai cewa a riƙe saƙa don ita ce tsantsar abin da kakanni suka bari, ya sani rabin abin ya riga ya tafi tun ba a haife mu ba, kuma rabin mata ne ya fara tafiya, shi ya sa ba a ji ƙararsa ba.

To, in ba a kan tsantsar gado za a tsaya ba, a kan me? Ni a ganina a kan haƙƙi ne, kuma haƙƙin bai hau kan kowa daidai wa daida ba.

Talaka na cire shi daga cikin maganar. Manomin da ya sayar da buhun masara ya shiga kasuwa da 'ya'ya biyar ba riga, in ya nufi wurin 'yan gwanjo ya yi daidai. Dilolin tsofaffin tufafin da ake saukewa a kasuwar Kantamanto ta Akra su ne suke rufa wa miliyoyin mutane asiri har nan kan iyaka. Wanda zai tsaya a gaban makirufo ya ce wa irin wannan mutum ya yi kishin al'ada, bai san zafin aljihu ba.

Wanda haƙƙi ya fara hawa kansa shi ne mai sayarwa. Yanzu akwai yadin inji mai faɗi da aka yi masa ratsi irin na fugu, wani ma buga zanen kawai aka yi a kansa kamar atamfa. Sayar da shi halal ne, sa shi ma ba aibu. Inda ta ɓaci shi ne a miƙa wa baƙo shi da sunan saƙar hannu, a karɓi kuɗin saƙar hannu. Wannan algus ne, ɗan'uwan zuba ruwa a nono. Kuma mutum biyu ake cuta a ciniki ɗaya: mai saye da aka yaudara, da masaƙin da ba ya wurin, wanda aka ci kuɗi da sunansa, aka kuma karya darajar kayansa, domin gobe in ya faɗi nasa farashi za a ce ai ga irinta can a rabin kuɗi. Gane bambancin ba wuya. Juya rigar ka dubi cikinta. Ta hannu za ka ga ɗinkin da ya haɗa ƙyalle da ƙyalle, kowane da bakinsa da ƙoshiya ta rufe, ratsin ma wani wuri ya ɗan kauce wa ɗan'uwansa.

Na biyu su ne mu masu ɗan hali, ma'aikata da 'yan kasuwa da alhazai, kuma a nan maganar ta fi yi mini nauyi. Mutum zai shiga kantin waya a gaya masa kuɗi ya ƙirga ya biya ba musu, don farashin a rubuce yake. Shi ɗin dai in ya je gaban masaƙi sai ya zama gwanin tayi. Ya san mutumin yana da bashin zare a kansa, ya san ranar kasuwa ce kuma in bai sayar ba ba cefane, sai ya taya ƙasa, ya juya kamar zai tafi, ya jira a kira shi. Tayi al'adar kasuwarmu ce, ban ce a daina ba. Amma tayi tsakanin mutum biyu da kowannensu zai iya cewa albarka ya tashi daban yake da tayin da ake yi wa wanda ba shi da ikon cewa albarka. Na biyun, ko an ce "na sallama", ba da daɗin rai aka sallama ba, kuma mai sayen ya sani. Wani dattijon masaƙi ya taɓa ce mini a cikin shiri, "Ɗana, masu yabon aikina sun fi masu zaginsa cutata, don mai zagi ba ya karɓar kaya bashi." Ya ce manyan mutane kan aiko a yi musu riguna na biki ko na rabon siyasa, a kai, sannan a shiga yi masa gobe-jibi, shi kuma kunya da tsoro su hana shi zuwa ƙofar gida tambaya.

Abin da ya faru a Bawku ya ƙara nuna mini inda nauyi yake sauka. A ƙarshen 2021, da rikicin sarauta ya sake tashi, hukumomin tsaro suka sa dokar hana fita, suka kuma hana sa fugu a garin, saboda ana ɓoye makami a ƙarƙashinta. Ba na jayayya da dalilinsu, rai ya fi riga. Amma masaƙa da maɗinka, da matan da suka koyi saƙa suke riƙe da gidaje da ita, ba su suka ɗauki bindiga ba, kuma su ne cinikinsu ya tsaya. Masu kukan gado na mutuwa ban ji muryarsu a lokacin ba.

Akwai hujja mai ƙarfi a wajen masu wannan kuka, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ilimin hannu ba ya zama a littafi. Yadda marini yake gane ramin baba ya nuna, da yadda masaƙi yake jin zare ya yi sako-sako tun kafin ido ya gani, in aka tsallake tsara ɗaya sun tafi ke nan. Saboda haka, in ji su, abin ya fi ƙarfin ra'ayin yaro ɗaya, dukiyar al'umma ce. Na yarda. Amma rijiyar gari in ta rufta, gari ne ke haɗa kuɗi da ƙarfi a yashe ta, ba a cewa gidan da ke kusa da ita su kaɗai za su yi don a ƙofarsu take. In saƙa ta kowa ce, ɗawainiyarta ma ta kowa ce.

Maƙwabtanmu sun gwada ɗaukar wannan ɗawainiya da ƙarfin hukuma. Kulungugu an fi saninta da gurnetin da aka jefa wa Nkrumah ranar 1 ga Agusta 1962, yana dawowa daga ganawa da Maurice Yaméogo a Tenkodogo, amma mu da muke nan mun san ta a matsayin ƙofar Burkina Faso, kuma abin da aka yi a tsallake yakan iso kunnenmu da wuri. Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati sa Faso Dan Fani, saƙar ƙasarsu da audugar ƙasarsu. Masaƙa, musamman mata, sun sami kasuwa. Da aka kashe shi dokar ta bi shi, sai bayan shekaru masu yawa tufar ta sake farfaɗowa. A Gana kuma an ƙaddamar da sa tufafin gida ranar Juma'a a 2004, ba tilas a ciki, sai dai atamfar inji ta fi saƙa cin moriyarsa. Tilas ba ta yi mini ba, don abin da aka sa mutum dole yakan tuɓe shi ranar da mai dolen ya kau. Amma ko ba komai Sankara ya aza nauyin a kan masu albashi, bai tara 'ya'yan masaƙa ya yi musu faɗa ba.

Yanzu wani abu yana faruwa wanda ya sa ni farin ciki da damuwa a lokaci ɗaya. Wasu daga cikin yaran nan da ake zagi sun dawo kusa da iyayensu, da waya a hannu maimakon ƙoshiya. Su ɗauki hoton rigar su sa a WhatsApp da Facebook, mai saye daga Kumasi ko Jamus ko Amurka ya turo kuɗi kafin a sa kaya a mota. Ba dillali, ba bashi, ba mai juya baya don a kira shi. Karo na farko a rayuwarsa tsoho yana faɗin kuɗin aikinsa a biya yadda ya faɗa. Abin da nake roƙo ke nan tun farkon rubutun nan, ga shi ya samu. Sai dai farashin da ya biya masaƙi wahalarsa ya fi ƙarfin maƙwabcinsa. Rigar da aka san manomi da maharbi da makaɗi da ita tana komawa ta masu kuɗi da 'yan ƙasar waje. A sallar da ta wuce na tsaya a bakin filin idi ina kallon samari suna shigowa cikin fugu, gwanin sha'awa, ratsi fari da baƙi da shuɗi. Da na matsa kusa, mafi yawansu yadin inji ne, har da ta jikan wani masaƙi da na sani, wanda kakansa ya kwana uku yana gama wasu riguna da za a aika Akra.