Zinariyar da ke Ƙarƙashin Gona ta Wa Ce?

A Sakasaka ba a haƙar zinariya, amma zancenta ya shiga bakin samari. Dā sai a kudu ake jin labarinta, a Obuwasi, inda Turawan Ingila suka kafa kamfani tun 1897. Yanzu ta matso arewa. A shekarar 2024 aka buɗe babbar mahaƙar Namdini a ƙasar Talensi, kusa da Bolga, da jarin kamfanin Shandong na ƙasar Sin.

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na jama'a ne, Shugaban Ƙasa yake riƙe da shi amana. Wato manomi yana da gerons a, amma abin da ke ƙarƙashin geron ba nasa ba ne. Gwamnati ce take ba baƙo izni, ta riƙe kashi 10 cikin 100 na kamfanin, ta karɓi haraji, manomi kuwa a biya shi diyya. A takarda ba a cuci kowa ba. Baƙon ma ba ɓarawo ba ne: ya kawo kuɗi da injunan da ƙasar ba ta da su, mutane kuma sun samu aiki.

To, biyan diyya ya isa adalci ke nan? Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da Nabot. Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba. Ya yi tayin kuɗi, ko kuwa wata gonar da ta fi kyau. Nabot ya ƙi, domin gonar gādo ce, akwai rabon kakanni a cikinta, akwai na jikokin da ba a haifa ba tukuna. Su waɗannan jikoki ba sa zama wurin ciniki. Kuɗin diyya kan ƙare a hannun mutum ɗaya, a sayi babur, a yi rufin kwano, a aurar da 'ya (ba laifi ba ne ko ɗaya), amma gonar da za ta ciyar da tsara biyar ta zama rami.

Nabot dai an tambaye shi, har ya samu bakin cewa a'a. Manomin da gonarsa ta faɗa cikin iznin kamfani yana iya jayayya a kan yawan kuɗin, amma ba shi da ikon hana haƙar.

Jarin baƙo kuma farashin zinariya yake bi. A 2014, da farashin ya faɗi, aka sallami dubban ma'aikata a Obuwasi, sai a 2019 zinariya ta sake fitowa daga can. A tsakanin nan masu jari suka jira a ƙasashensu, mutanen garin kuwa suka zauna da ramukan.