Tattali Ba Rowa Ba Ne

A bayan rumbun gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Bakori, akwai keken yara mai ƙafa uku da ya daɗe a yashe. Shi muka hau muna ƙanana, ni da ƙannena. Damina bayan damina ta yi ta dukansa, tsatsa ta rufe shi, kaji suka mayar da shi wurin kwana. Bara, bayan an gama karyar masara, sai ga ɗan gwangwan da buhunsa da sikelinsa. Ya rataya keken, ya yi masa kuɗi a kan kilo. Har na miƙa hannu, kawuna ya daka mini tsawa: "Kai yaro, dakata! Ƙarfen nan bai mutu ba."

Washegari muka kai shi wurin mai walda a Funtuwa. Mutumin ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, ya kasa kunne, ya ce, "Baba, a fata tsatsar ta tsaya, ba ta kai ƙashi ba." Ya jiƙa notunan da kananzir suka kwana, don idan aka murɗa su a bushe karyewa za su yi. Sannan ya bi jikin da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, ya liƙe inda ya tsage a wuya, ya cusa giris, ya shafa jan fentin da ke hana tsatsa dawowa. Da guntayen rodi kuma ya haɗa ɗan kwando a baya. Abin wasa ya koma ƙaramar amalanke.

A hanya na yi wa kawu lissafi, na ce kuɗin gyaran ya kusa sayen sabo na roba. Dariya kawai ya yi. Na roba idan rana ta gasa shi ya fashe, wace walda ce za ta kama shi?

Wannan hali shi ne tattali, kuma mutane da yawa suna ruɗa shi da rowa. Marowaci yana ƙanƙame abu har ya lalace a hannunsa, shi bai amfana ba, bai bar wani ya amfana ba. Mai tattali kuwa duba yake yi ya ga sauran amfanin da ke jikin abu, ya kashe ɗan kuɗi da lokaci ya fito da shi. Mu da muka bar keken nan a cikin ruwa shekara da shekaru, ajiya muke tsammani mun yi, alhali sakaci ne tsantsa.

Ƙasarmu ta san wannan hali tun da can. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, auduga ta bunƙasa, aka riƙa gurzarta a Funtuwa da Malumfashi ana ɗaure dila da langa-langa. Shi kansa langa-langan ba a yar da shi. Manya su wasa shi su yi yankan ciyawa, yara su lanƙwasa shi su ƙera mota. Wanda bai samu ba ya yi tasa da kara. Yaron da ya ƙera motarsa da hannunsa ba ya barinta a tsakar gida jaki ya taka.

Ban ce ɗan gwangwan abokin gaba ba ne. Ƙarfen da ya mutu da gaske gara a narka shi. Abin takaicin shi ne abin da muke kashewa da kanmu. Garmar shanu ta kwana a gona har kaka, famfon feshi a rataye shi ba a ɗauraye ba, injin ban-ruwa ya yi wata shida ba wanda ya leƙa shi. Idan ruwa ya sauka kuma a tafi neman rance.

Keken nan yanzu jikar kawu ce ke hawansa. Kullum da safe ita ke kai wa awaki dusa a cikin kwandon.