Koyon Santsi: Gwaninta Ce Ko Ganganci?

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shiga akori-kura daga ƙauyukan Gubuchi zuwa kasuwar Makarfi a cikin watan Agusta ya san abin da ake kira santsi. Ruwa ya kwana yana zuba, jar ƙasa ta zama kamar an shafa mata sabulu, mota ta ɗauko buhuna, mutane kuma suna zaune a kan buhuna. Ana isa gangara kusa da fadama sai a ji bayan mota ya fara karkata gefe guda. Mata su ɗora hannu a ka, maza su riƙe ƙarfe. In direban tsohon hannu ne, sai ka ga ya sassauta totur, ya murɗa sitiyari wajen da bayan ya nufa, motar ta miƙe kamar ba abin da ya faru. In sabon shiga ne, sai ya danne birki da dukan ƙarfinsa, tayoyi su ƙage, a tsinci kai cikin gonar rake.

To, ina tsohon direban ya koyi wannan dabara? Galibi a kan hanya ya koya, ɗauke da fasinja, ranar da abin ya zo masa ba shiri. Wannan ya kawo mu ga tambayar da za mu auna yau: ya dace mutum ya nemi santsi da gangan domin ya koyi fita daga cikinsa? In kuwa ya dace, me za mu ce da samarin da ke wasan mota da wasan babur a bukukuwan aure, tun da su ma cewa suke yi gwaninta suke nunawa?

Bari mu fara da sanin abin kansa. Duk nauyin mota yana tsaye ne a kan wurare huɗu inda taya ta taɓa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Laka, ko yashi, ko ruwan fari da ya gauraya da ƙura da baƙin mai a kan kwalta, duk suna rage riƙon da taya take yi wa ƙasa. Taya mai sanƙo kuwa ta fi kowacce saurin saki. Motar da tayoyin baya ke turawa, irin akori-kura ko Peugeot 504 da a dā aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, bayanta ne yakan zame idan an ba ta wuta a kwana. Motar da tayoyin gaba ke ja kuwa, sau da yawa gabanta ne yakan ƙi bin sitiyari. Akwai kuma lissafin da ba ya canzawa: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu.

A ƙasar Japan wasu sun mai da zamewar bayan mota wasa. Wani direba mai suna Keiichi Tsuchiya ya yi suna da shi a shekarun 1980, bayan ya koya a hanyoyin kan duwatsu. Daga farkon shekarun 2000 abin ya zama gasa mai alƙalai, ana yinta a fili mai shinge, direba da hular kwano, 'yan kallo can nesa. Masu koyo sukan fara ne a filin da aka jiƙa da ruwa, domin a can mota takan zame tun gudu bai yi yawa ba, in an yi kuskure sai dai mota ta juya ta tsaya, a sake gwadawa. A Suwidin kuma, inda ƙanƙara ke rufe hanya, ba a ba mutum lasisin tuƙin mota sai ya je irin wannan fili ya ji da jikinsa yadda mota take ƙwacewa.

Mai hankali zai ce wannan daidai ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Hannu da ƙafa ba su jiran tunani idan tsoro ya zo. Abin da suka saba shi suke yi. Gara a saba musu a inda ba rami, ba yaro, ba babbar mota tafe.

Amma akwai wani darasi daga ƙasar Norwe da ya kamata mu tsaya a kansa. A 1979 suka sa horon santsi cikin sharuɗɗan lasisi. Binciken da aka buga a 1988 ya nuna cewa samari maza da suka yi horon sun ƙara yawan haɗari, ba su rage ba. Dalilin da masana suka bayar shi ne, horo na ɗan lokaci bai isa ya mai da mutum gwani ba, amma ya isa ya sa shi jin cewa shi gwani ne. Tsoron da ke sa shi rage gudu a dā ya tafi, gwanintar da za ta maye gurbin tsoron kuwa ba ta zo ba. Saboda haka ƙasashen wannan yanki suka sake manufar horon, aka mai da hankali ga nuna wa mai koyo iyakarsa, har ya fito daga filin yana shakkar santsi fiye da yadda ya shiga.

Ashe ke nan dabara ɗaya tana iya haifar da tawali'u, tana kuma iya haifar da girman kai. Domin a rarrabe, sai mutum ya yi wa kansa tambayoyi uku. Ta fari, a ina nake yi? Fili keɓaɓɓe tare da mai koyarwa daban yake da ƙofar gidan biki ko bakin kasuwa. Ta biyu, don me nake yi? Wanda yake so ya kai fasinjansa gida lafiya zai yi murna ko da bai taɓa amfani da dabarar ba har ya tsufa. Wanda yake neman tafi da guɗa kuwa, tilas gobe ya ƙara a kan na yau, domin 'yan kallo ba su tafa wa abin da suka saba gani. Ta uku ita ce mafi nauyi: idan na kuskure, wa zai biya? Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a wasan mota ba bakin mai ɗiba kaɗai ke ƙonewa ba. Yarinya mai tallan gyaɗa da ta tsaya kallo ba wanda ya nemi yardarta. Uwar da ta sayar da akuyoyinta aka haɗa kuɗin babur ita ma ba a tambaye ta ba.

Wani zai ce, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake, kuma mai tuƙi a hankali ma yakan gamu da haɗari. Amma mai faɗin haka yakan kulle ɗakinsa da dare, yakan kuma kai ɗansa asibiti idan zazzaɓi ya kama shi. Wanda ya ja birkin hannu a tsakiyar taro domin mota ta juya ta tayar da ƙura, shi ya gayyato abin da ya biyo baya, bai kamata a kira shi tsautsayi ba. Katekizim na Ekklesiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yi magana a kan wannan a sashe na 2290, ƙarƙashin doka ta biyar, inda ya ɗora babban laifi a kan masu jefa ransu da na wasu cikin haɗari saboda buguwa ko son gudu. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba za su iya tsayawa a kowace kwana tsakanin Ikara da Kudan ba. A wuraren da ba su, lamirin direba ne kaɗai mai tsaro.

Amsarmu ke nan: neman santsi domin koyo ya halatta, har ma abin yabo ne, muddin an yi shi a inda ba ran kowa a ciki, a ƙarƙashin wanda ya sani, da niyyar kiyaye rai. A yankinmu ba mu saba da filayen horo irin na Suwidin ba, amma muna da tsofaffin direbobi da suka ga damina talatin a kan waɗannan hanyoyi. Ya kamata su zauna da yaran motarsu su faɗa musu gaskiya, har da ranakun da su ma suka tsorata. Iyaye su duba wanda suke miƙa wa makulli. Masu biki su faɗa tun kafin rana cewa ba su son wasan mota a ƙofarsu, gama inda ba mai tafi, wasan ba ya daɗewa. Mu fasinja kuma mu daina zuga direba da cewa kasuwa za ta watse, mu yaba wa wanda ya duba tayarsa kafin ya yi lodi, ya kuma rage gudu tun bai kai gangara ba.

Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.